Ramuwar Kiwo a Kasuwar Gudu

Duk ranar da na ji ɗayanku ya ce ai sana'armu ba komai ba ce, kwafa ce kawai a zuba, sai in ji raina ya ɓaci. Ku da kuka taso kuka tarar da wasa a cikin waya, ku danna sau ɗaya ya sauko, ba ku san an yi zamanin da mutum zai hau mota tun daga Kubwa ya zo kasuwar Gudu don a zuba masa wasan ƙwallo ba. Ni na yi wannan zamanin. Da shi na yi aure, da shi na kama ciki da falo a Jikwoyi. Sunana Nuhu, amma in kun shiga layin 'yan kayan lantarki kuka ce Nuhu kawai, mai gyaran fanka za a nuna muku. Ni Nuhu Gem ake ce mini.

Aikin farko da aka ba ni a shagon Oga Sanusi shi ne hura kaset, irin wanda ake cusawa a gem wasa ya tashi. Oga Sanusi Bakano ne, tsohon mai gyaran agogo. Da agogon roba mai araha ya kashe masa kasuwa, sai ya koma sayar da gem na hannu, daidai lokacin da farar hula suka dawo, kuɗi suka fara yawo a Abuja, kowane ma'aikaci yana so a ga ɗansa da abin dannawa a bayan mota. A wajen Oga, duk ciwon kaset ɗaya ne, maganinsa kuma ɗaya. Zai zare shi, ya kai baki, ya yi fuu fuu, ya mayar. In ya ƙi, ya ƙara da bisimilla. Sai da na fara buɗe kaset-kaset da kaina na gano abin da ke sa haƙoransu tsatsa. Oga ba ya rabo da goro, kuma duk kaset ɗin da ya taɓa wucewa ta hannunsa sai ka tarar da shaidar hakan a ciki. Ban taɓa gaya masa ba. Na dai sayi burushin haƙori da kwalbar sifirit, in ya hura ya juya baya, in wanke.

Kayan aikina ba su cika aljihu biyu ba: wannan burushin, da ɗan hantsaki, da gilashin ido ɗaya da Oga ya gada daga gyaran agogo, sai sukurdireba mai baki uku. Masu ƙera gem ɗin da gangan suka sa masa noti mai baki uku don kada irinmu su buɗe. Ba a sayar da irinta a Abuja a lokacin, don haka na zauna da ƙusa da zarto na goge tawa. Ta fi ni daraja a layin. Har daga Wuse ake aiko a ara, ni kuwa ba na ba da ita sai dai in bi ta.

Kaset ɗin da muka fara da su na jabu ne, ba sai na ɓoye muku ba. A jikin kwali an rubuta wasa ɗari a kaset ɗaya. In ka kunna, wasa bakwai ne, sauran duk su ne aka canza musu launin riga. Na taɓa tambayar Oga ko wannan ba satar fasaha ba ce. Ya ce mini shi bai ga mai kayan ba, in ya zo Gudu da kansa za su yi magana. Daga baya aka kawo gem mai murfi, mai fuska biyu da ɗan tsinken taɓawa, tare da shi kuma aka kawo abin da ya canza mana rayuwa, wato kaset na zuba. Shi fanko yake zuwa. Yana da 'yar kafa da ake sa mamori, sai ka zuba duk wasan da kake so daga kwamfuta. Oga ya sayi tsohuwar kwamfuta ya ajiye a gabana, ya ce shi bai iya ba, kuma ba zai koya ba, amma in ta lalace ni ne.

Nan ne kuke cewa aiki ya yi sauƙi. To ku saurara. Kowane kaset da irin manhajar da ke tayar da shi, kuma duk kamarsu ɗaya a ido. Ka zuba wa wannan ta wancan, sikirin ya yi fari fat. Wani wasan sai an yi masa faci kafin ya tashi. Wani mamorin an rubuta masa girman da bai kai ba, ka zuba wasa hamsin ya karɓa yana murmushi, mai shi ya isa gida ya tarar da uku. Ban da wannan, akwai ƙananan manhajoji da wasu bayin Allah ke rubutawa a ɗakunansu su saki kyauta: kalkuleta, abin kallon fim, littafin karatu, har da mai nuna lokutan salla. Su ne makamina a kan iyaye. Uba zai zo yana huci wai gem ya hana yaro karatu, sai in buɗe masa kalkuleta da lokutan salla. Yana gani zai yi laushi, ya ce to a ƙara masa na ƙwallon ma.

Amma babban ilimin da Oga ya ba ni ba na kwamfuta ba ne. Ranar da na fara tsayawa a kantar shago ya ce, "Kai Nuhu, duk babban mutumin da ya shigo nan da gem, na yaro ne. Ko ka ga gemunsa fari, ko ka ga babban yatsansa ya yi kanta, na yaro ne. Ka tambaye shi ya yaron yake ji da shi. Ranar da ka nuna ka gane, ka rasa shi." Haka kuwa dokar take a duk layin. Manyan ma'aikata, 'yan banki, har da wani liman, kowa na yaro ne. Mu ma mu ce Allah ya raya.

Cikin masu yaran nan babu kamar Alhaji Buba. Mataimakin darakta ne a wata ma'aikata, dogo, siriri, mai farin tabarau, ba ya ɗaga murya. A cikin jakar takardun ofis yake kawo gem ɗin, a naɗe da hankici. Wasa ɗaya tak yaronsa ke yi, wani wasan gona da kiwo. A cikinsa kana da fili da garke, kullum sai ka shiga ka ba shanu ciyawa, ka goge musu jiki, ka tatsa. Wasan da agogon gem ɗin yake tafiya, ranar duniya ita ce ranarsa. Ka yi kwanaki ba ka leƙa ba, shanu su rame, su yi ciwo, daga nan su fara ɓacewa. In kuma ka mayar da kwanan wata baya don wayo, wasan ya ɗauke ka macuci, ya share garken gaba ɗaya.

Ya kan zo ne in sikirin ya yi datti ko maɓalli ya liƙe. Ni kuma in gwada, dole in buɗe wasan. A nan na ga sunayen shanun. Yaran Abuja sunayen 'yan ƙwallo suke sa wa nasu. Na yaron Alhaji kuwa akwai Saye, da Fure, da Daneye, da wata tsohuwa mai farar fuska, Wule. Na tambayi mai kawo mana fura da nono, ta yi dariya ta ce ai sunayen shanu ne na gaske, irin na ruga.

"Alhaji, ya yaron yake ji da shi?" in ce.

"Alhamdu lillahi, he is very serious da shi," ya ce. "Ko da asuba sai ya duba su."

Yanzu bari in ba ku labarin mummunar shekara. Ashe masu yin kaset na zuban nan, waɗanda su ma kwaikwayon na wasu suka yi, sun ɓoye wa'adi a cikin manhajarsa. In wata rana da suka zaɓa ta cika, kaset ya ƙi tashi, don ka sayi sabo. Ɓarawo ya yi wa ɓarawo tarko, mu kuma 'yan tsakiya ba mu sani ba. Kuma kusan duk kaset ɗin da ke Abuja daga kwantena ɗaya suka fito. Wata safiya na sauko daga motar Jikwoyi na hango taro a ƙofar shagonmu kamar ana rabon shinkafa. Iyaye mata, direbobi, 'yan aiki, kowa da gem a hannu, duk sikirin ɗaya: jan rubutu, sai shiru. Oga na tsakiya, ya hura har jiri na ɗibarsa.

Emeka maƙwabcinmu, mai sayar da caja da batir, shi ya kira ɗan'uwansa a Legas ya samo dabara. Ya leƙo ya ce, "Oga Sanusi, ka maida date na shi baya. Shekara ɗaya, biyu, shi zai tashi. Kaset ba ta da wayo." Aka gwada, ya tashi. Oga ya ji an zo fagensa, ai juya agogo ne. Ya naɗe hannun riga, ya ce a yi layi. Karɓa, mayar da shekara, buɗe wasa a ga ya tashi, miƙa, na gaba. A ranar, rabin yaran Abuja sun koma bara waccan, ba wanda ya damu.

Ina can ciki ina fama da wani mamori, sai na hango hankicin nan a kan kanta. Direban Alhaji Buba ne ya bi layi da shi. Oga ya riga ya mayar da shekara, kaset ya tashi, babban yatsansa yana kan hoton saniya zai danna. Ban san lokacin da na tsallake benci ba, na ture kwanon goro, na fizge gem ɗin daga hannunsa.

"Kai! Lafiyarka?" in ji Oga.

"Oga, na shanu ne! In ka buɗe a wannan shekarar, an gama da su."

"Shanun wa?"

"Na yaron Alhaji Buba."

Oga ya dube ni, ya dubi goronsa a ƙasa, ya ce, "To Allah ya tsare garke. Na gaba!"

Abu na farko da na yi, na zare mamori na kwafe ajiyar wasan, wato inda ya tsaya da duk abin da ke cikinsa, na adana a kwamfuta. Ajiya ta tsira, amma ba ta da amfani in ba a shiga ba. A kwanan wata na gaskiya kaset ba ya tashi. A na ƙarya kuma wasa zai share garke. Kaset na wani kamfani babu shi ko na magani, Legas ma layi ake yi. Kullum rana ta faɗi, shanun nan sun ƙara kwana ba ci.

Da yamma Alhaji ya zo da kansa. Na yi masa bayani, ya saurara kamar ana karanta masa sakamakon asibiti.

"So, ba a ba su abinci ba yau."

"Ba a ba su ba, ranka ya daɗe."

"Gobe fa?"

"Sai abin da Allah ya yi."

Ya cire tabarau ya goge. "Yaron zai damu ƙwarai," ya ce.

Daga ranar, kullum aka tashi ofis sai motarsa ta tsaya a bakin kasuwa. Ya shigo, ya tsaya ya tambayi kuɗin cajar da ba ya buƙata, ya dube ni, in girgiza kai, ya tafi. Ni kuwa na tare a kafe, wato shagon intanet. Intanet ɗin lokacin sai ka danna ka je ka yi alwala ka dawo bai gama buɗewa ba, yana gab da gamawa kuma a ɗauke wuta. Kasuwa ta mutu mana, don mutane sun daina yarda da kaset na zuba, wasu shaguna a layin har suka koma sayar da fitila mai caji. Na ce wa Alhaji akwai wata manhaja da zan iya ƙirƙira masa sabon garke da ita, shanu ɗari, duk masu ƙiba, ya sa musu sunayen da yake so. Ya dube ni kamar na ce ya canza iyaye.

"No, Malam Nuhu. Waɗannan ba su ba ne."

Sai da aka ɗauki makonni kafin wani bawan Allah a wata ƙasa, wanda bai san Gudu ba, bai san Wule ba, ya rubuta manhajar da ke cire wa'adin, ya saki kyauta. Har yau in na tuna shi ina yi masa addu'ar shiriya da alheri. Na sauke, na zuba, na gyara kwanan wata zuwa na gaskiya, kaset ya tashi garau. Na aika aka gaya wa Alhaji. Ya baro wani taro ya zo da rigar ofis.

Muka buɗe wasan a gabansa. Ciyawa ta cinye gonar. Saye da Fure na kwance, kowacce da alamar ciwo a kanta, haƙarƙari a waje. Ya zagaya garken da ɗan tsinkensa, ya sake zagayawa. Wurin Wule babu kowa. Wallahi sai na ji tausayinsa ya kama ni, na rasa inda zan sa idona. Na yi sauri na kashe, na ce kada ya damu, kwafi ne, ajiyar asali tana nan yadda ya bar ta. Amma ni kaina na san ko sau nawa aka buɗe ta a yau, abin da za a gani ke nan.

Oga Sanusi na gefe yana ɓare goro. Bai san mamori ba, bai san manhaja ba, amma ya yi rabin rayuwarsa a cikin agogo. Ya ce, "Wai ku tsaya. Shi wasan nan baya ne ba ya so, ko?"

Na ce eh.

"Daga ranar da aka bar shi, washegari gaba ce ko baya?"

"Gaba ce."

"To me ya kai ku yau? Wanda azumi ya kuɓuce masa, ce masa ake ya haƙura? Ramawa yake yi, ɗaya bayan ɗaya. Ku kai agogo washegarin ranar da aka bar su, a ba su abinci, a matsa gaba, a ba su, har ku iso."

Na mayar da ajiyar asali, na sa kwanan wata a washegarin ranar ƙarshe, na buɗe ina salati a zuci. Gona tsaf. Wule na tsaye a wurinta tana kaɗa wutsiya. Alhaji ya ce "Allahu akbar" da ƙarfin da mai gyaran fanka ya leƙo ya ga ko gobara ce.

Sai dai ramuwa ba wasa ba ce. Kowace rana sai an shiga an ba kowace saniya ciyawa, an goge ta, an tatsa, an ajiye, an fita, an matsa kwanan wata, an sake shiga. Kuskure ɗaya a kwanan wata, a koma farko. Na ce ya bar mini, zan yi masa a hankali. Ya ce a'a, ban san halinsu ba, Fure ba ta son a fara goge ta kafin ta ci. Direbansa ya ce shi zai iya. Alhaji ya ce masa ya je ya wanke mota.

Ranar Asabar da hantsi ya iso da kaftani da carbi, ya zauna a bencinmu. Ya yi wa Oga bayani cewa yaron yana da jarrabawa, shi ya sa ya zo a madadinsa. Oga ya ce ai haka iyaye nagari suke. Muka raba aiki: shi kiwo, ni agogo. Ya gama rana, ya miƙo mini, in matsa, in miƙa masa. Kafin azahar labari ya zaga layin. Emeka ya bar shagonsa ya tsaya a bayanmu yana cewa, "Alhaji, wannan baƙin ba ta ci ba, ka manta shi." Mai shayi ya kawo kofi ba a aike shi ba, yana tambaya ko Saye ta samu. Da aka kira salla Alhaji ya damƙa mini gem ɗin da hannu biyu ya ce kada in taɓa komai, ya kuma ce wa Oga, cikin ladabi, don Allah kada a hura.

Bayan la'asar wuyansa ya ƙage, idonsa ya yi ja, amma ya ƙi tashi. Mutumin da ake bin sa da fayil a ofis, ga shi a kan bencin katako, hula ta karkace, yana rarrashin saniya da tsinke. Da muka shigo makon da muke ciki, har masu ɗinki na layin baya sun zo. Na matsa agogo na ƙarshe, na dubi kalandar bango don in tabbatar, na ce, "Alhaji, yau ke nan. Mun iso."

Ya shiga. Duk suna nan, cif, babu wadda ta rame. A gefen Wule kuma ga wani ɗan abu mai farar fuska yana tangaɗi. Ashe tana da ciki tun kafin wa'adi ya cika. Layi ya kaure da ihu, Emeka yana tafi, mai shayi yana cewa sai an yi suna. Wasan ya buɗe wurin rubuta sunan maraƙi, ya tsaya yana jira.

Alhaji bai rubuta ba. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, mahaifinsa yana da Wule ta gaske. Ita aka fara sayarwa shekarar da aka kai shi makarantar kwana, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya har ya gama jami'a. Da cikinta aka kai ta kasuwa, bai taɓa ganin abin da ta haifa ba. Ya ce ya sayi fili a Yangoji, in ya yi ritaya zai sa shanu ko biyu ne.

Ni kuma doka doka ce, ba ni da wata magana sai wadda aka koya mini. Na ce, "Alhaji, yaron zai ji daɗi ƙwarai."

Ya rufe murfin a hankali, ya naɗe gem ɗin a hankicinsa, ya sa a aljihun gaba maimakon jakar ofis.

"Ya ji, Malam Nuhu," ya ce. "Ya daɗe yana jira."